Bakin Alƙali

Duk layin da Goggo suka san ta. Tun da 'ya'yanta suka girma suka watse, ta mai da falonta wurin renon yaran maƙwabta masu fita aiki. An jingine kujeru a bango, an shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, mijinta kuma, wanda take kira Malam, tsohon kafinta ne, shi ya ƙera ƙananan bencina da akwatin kayan wasa. Yara biyar take riƙewa, kuma tun daga bakin titi ake jin muryarta, domin Goggo ba ta iya shiru ba. Tana wanke wa wannan hannu tana yi wa wancan waƙa tana ba na uku labarin kaza.

A cikin yaran akwai ɗan wata tela, mai shekara uku, da ake ce wa Alƙali. Malam ne ya laƙaba masa, saboda yadda yake zama a benci ya harɗe hannu yana bin kowa da ido, ba ya cewa uffan.

Wata safiya aka bugo waya daga ofishin da ke ba gidajen reno izini, aka ce za a turo mai dubawa. Aka kuma aiko da takarda wadda Goggo za ta auna aikinta da kanta kafin a zo. Tsabta, abinci, barci, wasa, duk ta cika ba gargada. Tambayar ƙarshe ce ta tsayar da ita: a ina kike ganin kin gaza?

Ta zagaya gidan tana neman gazawa, har ta gano sakatar banɗaki ta yi ƙasa, hannun yaro zai kai. Ta rubuta. Kafin azahar Malam ya cire sakatar ya mayar sama.

"Malam, ka gyara min gazawata. Yanzu me zan nuna musu?"

"Sai ki kwance ta ranar da za su zo," in ji shi.

Ranar da aka sa, mai dubawar ta iso da hantsi, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yar Goggo ta biyu ba. Ta gaishe su har ƙasa, ta cire takalmi, sannan ta durƙusa ta fara rarrafe a falon. Yara suka ga abin nema ya samu, suka bi ta a layi.

"'Yata, wani abu ne ya faɗi?"

"A'a Goggo, ɗakin nake so in gani daga inda su suke ganinsa."

Ta taɓa soket ta ga an toshe, ta shafa gefen benci ko akwai ƙusa, ta buɗe akwatin magani ta karanta kwanan watan kowace kwalba. Ta leƙa kicin, ta ɗaga murfin kwandon shara. Daga nan ta ajiye biro ta zauna a leda kusa da Alƙali da ke riƙe da 'yar motar wasa, lokacin sauran yaran sun sa takalma sun fita tsakar gida.

"Sannu maigida. Yaya sunanka?"

"Alƙali muke ce masa," in ji Goggo daga bakin ƙofa.

"Ba za ka fita wasa ba?"

"Ba ya son rana. Haka yake, ɗan hutu ne."

"Wannan motar taka ce?"

"Tasa ce, ba ya yarda kowa ya taɓa."

Mai dubawar ta yi murmushi, ba ta ƙara ba. Sai da yara suka ci abinci suka kwanta sannan ta ja Goggo gefe. Ta ce ta shiga gidaje da yawa, ba kasafai take ganin yara suna rige-rigen hawa cinyar mai reno kamar nan ba. Ta ce tsabta ba magana. Goggo tana ta gyara ɗaurin ɗankwali don daɗi.

"Abu ɗaya ne, Goggo, kuma ki yi haƙuri da ni. Na yi wa yaron nan tambayoyi. Wa ya amsa?"

"Ai ba ya magana ne."

"Na ga bakinsa ya motsa. Kafin ya haɗa kalmar kin riga shi. Ki tambaye shi, ki jira. In shirun ya dame ki, ki ƙara jira. Zan dawo in ga yadda ake ciki."

Goggo ta raka ta har ƙofa da fara'a, amma da ta dawo sai ta zauna a benci ta yi tagumi. Da yamma, bayan iyaye sun kwashe yaransu, ta sauke wa Malam.

"Yarinyar da na haifi yayarta. Wai ni na hana yaro magana. Ni da nake sanin yana jin ƙishirwa kafin shi ya sani."

Malam ya ajiye kofin shayinsa. "To, ni dai a ganina, abin da yarinyar nan take..."

"Take nufi shi ne na cika surutu. Na sani."

Ya dube ta, ta dube shi. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Tun aurenmu nake neman ƙarshen zance ɗaya," in ji Malam. "Ban kai ƙara ba don kina rage min aiki."

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Takan yi tambaya, amsar ta taso mata har maƙogwaro, sai ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Yara suka ɗauka sabon wasa ne, kowa ya kama cizon rigarsa. Alƙali kuwa kallonta kawai yake, kamar yana jiran ta gaji.

Ran nan da aka zo fita tsakar gida, ta tsuguna a gabansa da takalmansa a hannu.

"Alƙali, me ya sa ba ka son fita?"

Ta cije mayafi. Famfo yana ɗiga a kicin, ana jin zarton Malam daga bayan gida. Gwiwoyinta suka fara ciwo. Yaron ya dubi takalman, ya dubi fuskarta.

"Yana cizo," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Wa ke cizo?"

Ya nuna takalmin. Ta ɗaga ƙafarsa ta gwada. Babban yatsan ya tokare a gaba, gefen ɗan ƙaramin kuma ya yi kanta. Ta daɗe riƙe da ƙafar a tafin hannunta, sannan ta ɗauke shi ta fita da shi haka nan ba takalmi, ta zaunar da shi a kan yashi.

Da uwarsa ta zo ɗaukarsa, Goggo ta nuna mata yatsan. Telar ta riƙe baki. Ta ce kullum da asuba take sa masa a gurguje, yana ta noƙewa, ita kuma ta ɗauka rigimar barci ce. Washegari ya zo da sababbi masu faɗi, ya riga kowa fita.

Daga nan baki ya buɗe, a hankali da farko, daga baya kamar an fasa tulu. Ashe motar ma ba sonta yake ba, akwatin da take ciki yake so. Ashe ya san sunan kowa, ya kuma san wanda ya yi fitsari a bayan labule.

Da mai dubawar ta dawo, Goggo ta kawo mata ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsuke baki. Yarinyar ta zauna a leda.

"Sannu maigida. Me ke faruwa a gidan nan?"

Alƙali ya harɗe hannu, ya waiga wajen Malam da ke gyara ƙafar benci.

"Baba yana cin biskit ɗinmu. In Goggo ta shiga kicin."

Mai dubawar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Goggo ta juya ta zuba wa mijinta ido, tana jira.

Malam ya ajiye guduma. "Goggon yara, yau kam ki taimaka ki amsa min."