Motar Auta a Bakin Robar Sabulu

Abu ɗaya marigayi kafinta ya bar wa matarsa da ya fi 'ya'yansa amfani, shi ne diril ɗinsa mai batir, wanda yake huda katako da shi. Kafin ya rasu ya lanƙwasa mata wani dogon ƙarfe ya ɗaura a bakinsa. Da shi Inna Mai Sabulu take juya sabulun ruwa a babbar roba, tun da kafaɗarta ta dama ta daina ɗaukar muciya.

Ran nan da safe ta zuba ruwa, ta zuba sinadari, ta ɗauko diril. Ta ji shi sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Ta danna, shiru. Ta jijjiga, sai wani ɗan kusa ya yi ƙara a ciki. An farke shi an cire injin, aka mayar da murfin aka ɗaure tsaf. Ɓarawon ma mai ladabi ne.

Ba ta tambayi kowa ba. Mutum ɗaya ne ya shigo jiya da fara'ar da ba a saba gani ba, har yana tambayar lafiyar kafaɗa.

Auta ne, ɗanta na ƙarshe, mai furfura a gemu da 'ya'ya a makaranta. Shi ne duk ranar da ta ce ya zo ya taya ta juyi sai ya ce aiki ya sha masa kai.

Sabulu kuwa ba ya jiran kowa. Kafin ta gama neman takalmi ya fara gudaji. Ta kama muciya da hagu, ta juya har idonta ya kawo ruwa, ta jefar. Ta fita da kumfa a zani.

A bayan tashar mota ta same shi da abokansa, inda ake jibge duwatsun gini. Manyan maza ne, masu tumbi da sanƙo, sun yi da'ira suna ihu. Wata 'yar mota mai girman kaza, da tayoyi kamar na tarakta, tana hawan tulin duwatsu a hankali, tana ɗaga ƙafa tana saukewa. Auta na riƙe da rimot, ya ciji leɓe kamar mai tuƙa jirgin sama.

Tun daga nesa ta gane kukan injin diril ɗinta. Shekara da shekaru tana jin sa a kunnenta kowace safiya.

Ta zagaya ta bayan tulin, ta hau da rarrafe, ta tsaya a ƙololuwa. Motar ta haye dutsen ƙarshe, maza suka ɓarke da tafi, ita kuma ta zo ta tokari ɗan yatsan ƙafar Inna. Inna ta sunkuya ta ɗauke ta, ta maƙale a hammata, tayoyi na ta wutsil-wutsil.

"Inna! Me ya kawo ki nan? Za ki faɗi fa!"

"Ai na riga na faɗi, tun ranar da na haife ka. Ina hanjin diril ɗina?"

"Aro na yi, wallahi. Inna, ba ki gane ba ne, injin da ta zo da shi gudu kawai ya iya, da ta ga dutse sai ta yi zafi ta tsaya. Na diril kuwa ƙarfi gare shi. Kin ga ba wanda ya taɓa hawa nan sai ni."

"Sannu, direba. To da ka hau, me ka samo a saman?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Sai wani siriri mai tabarau, wanda suke kira Injiniya, mai gyaran rediyo, ya matso yana sosa ƙeya. Shi ya yi aikin.

"Inna, a yi haƙuri. Gaskiya injin ba zai koma ba. Mun yanke ƙarfen bakinsa, mun sa masa wani haƙori. Amma Auta zai sayo miki sabo ƙarshen wata."

"Ƙarshen watan Auta? Tun yana rarrafe nake jiran sa. Kai da ka iya farke ciki, ɗauko kayan aikinka ka biyo ni."

Suka bi ta a baya, ita da mota a hammata, kamar masu rakiyar gawa.

A tsakar gida ta nuna robar da ta cika da gudaji. Ta ce tunda injin ba zai fito daga mota ba, to mota ta zo ta yi aikin injin. Injiniya ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi fuskarta, ya rufe. Ya gitta katako a bakin roba, ya kwantar da motar ta gefe ya ɗaure, ya cire taya ɗaya, ya haɗa ƙarfen marigayi a gurbinta.

Auta ya danna rimot. Ƙarfen ya nutsa cikin kaurin sabulu ya fara juyawa a hankali, ba fantsama, ba gajiya, yadda yake hawan dutse. Diril ma bai taɓa yi da kyau haka ba. Inna ta gani, amma ba ta faɗa ba.

"Shi ke nan," in ji Auta, yana miƙa mata rimot. "Wannan gaba, wannan baya."

Ta ɗora hannu a kafaɗa, ta yamutsa fuska.

"Ni na yi makaranta ne da zan iya tuƙi? Ai kai ne gwani, duk gari sun tafa maka."

Tun daga ranar, kullum da safe kafin ya tafi aikin nan da ya sha masa kai, Auta yana zaune a kan bokiti a tsakar gidan uwarsa, yana tuƙi. Inna na kan kujera ta miƙe ƙafa. Kafaɗa ta yi sauƙi.

"Yi ribas, direba," takan ce. "Ga dutse can a gefen roba, ba ka hau ba."