Jifa Ɗaya

Sana'ar Ambrose Tolley da wasan kurket abu ɗaya suke nema a duniya, wato busasshiyar rana, kuma a Shropshire ba a samun ta da yawan da za ta ishi mutum biyu. Shi mai rufin bunu ne. Ran da gari ya washe yana kan tsani, a saman gidan da ya yaye wa rufi, ba halin ya sauko ya bar ɗakunan mutane a buɗe. Ran da ruwa ya tsuge kuwa ya samu hutu, sai ya tuƙa tsohuwar motarsa har makarantar ɗansa Wilf, ya tarar an lulluɓe tsakiyar fili da tamfol, yara na leƙe ta taga. Haka zangon bazara ya yi ta zurarewa, Laraba ta wuce Asabar ta biyo, bai taɓa ganin ɗansa ya buga ƙwallo a wasan makaranta ba.

Sau ɗaya ya dace da rana mai kyau. Amma Wilf yana can ƙasa a jerin masu bugu, kuma manyan ƙungiyar suka cinye wasan kafin layi ya zo kansa. Yaron ya wuni zaune a benci da kariyar ƙwauri ɗaure a ƙafa, da yamma ya kwance ta ya mayar jaka.

Wilf shekararsa goma, yana ƙungiyar ƙananan yara. Uwarsa Imogen ta daɗe da rabuwa da Ambrose, ta auri wani mai suna Crispin, shi kuma ya samu aiki a Kanada. Da an rufe makaranta za su tashi. Ambrose bai ja ba, don ya san ja ba zai hana komai ba, sai dai ya bar yaro a tsakiya. Abu ɗaya ya rage yana so, ya ga Wilf ya tsaya gaban turaku ukun da mai jifa ke hari, da sanda a hannu, ya buga, ya ruga, shi kuma ya tafa masa yadda uban kowa yake tafawa. Wasan wannan Asabar shi ne na ƙarshe.

In ya zauna yana lissafin abin da ya ba yaron nan a rayuwa, ba ya samun abu mai yawa. Makaranta Crispin ne, tufafi Imogen ce. Nasa guda ɗaya ne, shi ma gado ya yi daga mahaifinsa. Tun Wilf bai fi sandar tsawo ba yake jefa masa ƙwallo a bayan gida, yana maimaita masa magana ɗaya har ta zama waƙa:

"In ƙwallo ta gogi sandarka aka cafe ta, an fitar da kai ke nan, kuma kai ka fi kowa sani. Kunnen alƙali zai iya kuskure, hannunka ba ya yi. Ka sa sanda a hammata ka fita da ƙafarka, kar ka jira alƙali ya ɗaga maka yatsa."

Wilf yakan ce to in babu wanda ya ji fa. Ambrose yakan ce ai a nan ne maganar take, wanda kowa ya ji ba ya buƙatar koyarwa. Yana jin daɗin faɗin wannan magana, ba ƙarya. Ya sha faɗin ta a mashayar ƙauye ma, har abokai suka gaji, suna ce masa Liman.

Ranar Asabar gari ya waye a bushe, irin ranar da ya kamata ya wuni a kan tsani. Ya ja tamfol ya rufe rabin rufin wata tsohuwa, tana ƙasa tana mita cewa in ruwa ya taɓa mata kujeru zai ji da ita. Ya ce mata ya ji. Ya wanke hannu har fata ta yi ja, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya kama hanya.

Iyaye sun riga sun jeru a bakin fili da kujerunsu masu naɗewa, da barguna a cinya, da karnuka, kowa na yabon ɗan wani da baki yana bin nasa da ido. Imogen ta ɗaga masa hannu. Crispin ya miƙe ya ce ga kujera, ya zo ya zauna, shi zai tsaya. Abin haushin Crispin ke nan, mutumin kirki ne, ko ka nemi abin ƙi a jikinsa sai ka dawo hannu rabbana. Ambrose ya yi godiya, ya ce bayansa ba ya son zama, ya koma can baya ƙarƙashin wata babbar bishiya ya tsaya shi kaɗai.

Baƙi ne suka fara bugu. Aka tura Wilf can nesa kusa da igiyar iyaka, inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, ya yi ta tsinkar ciyawa yana ɗaga wando. Sau ɗaya ta gangaro wajensa, ya tare ta da ƙafa ya jefa, ta faɗi a rabin hanya. Ambrose ya tafa duk da haka.

Da aka juya, 'yan gida suka fara bugu, idonsa ya koma sama. Shekaru a kan rufi sun koya masa karatun gajimare, kuma abin da ya hango yana tasowa ta kan tsaunukan yamma ba wasa ba ne. Wilf shi ne na takwas. Sai yara shida sun fita kafin a kira shi. Nan Ambrose, mai wa'azin gaskiya a mashaya, ya tsinci kansa yana roƙon Allah a zuci ya sa a fitar da 'ya'yan mutane da wuri. Duk wanda ƙwallo ta watsa masa turaku, iyaye su ja tsaki na tausayi, shi kuwa ya sauke ajiyar zuciya. Kunya ta kama shi, amma ba ta hana shi ci gaba da roƙon ba.

Aka kuwa amsa masa. Yaran baƙi suna da wani dogon mai jifa, wanda ko dai an yi ƙarya a shekarunsa ko uwarsa ta iya ciyarwa, ya yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Iska ta fara kaɗa ganye. Maki kaɗan ya rage 'yan gida su cinye, sai aka ga wani ɗan ƙaramin abu ya sauko daga rumfar 'yan wasa, hular kwano ta rufe masa rabin fuska, kariyar ƙwauri na bugun juna yana tafiya kamar agwagwa.

Ambrose ya ga yaron ya daidaita ƙafafu yadda ya koya masa, ya ɗan buga kan sanda a ƙasa sau biyu, ya ɗaga kai. Sandar ma ta Ambrose ce ta dā, shi ya yanke ta da zarto ya rage mata tsawo.

Dogon yaron ya rugo ya saki ƙwallo. Wilf ya kai mata sanda da kyau, sai dai ya makara da ƙiftawar ido. Ƙwallo ta wuce, ta faɗa safar yaron da ke tsugune bayan turaku. Shi mai cafewar ya ɗan ɗaga ta sama ya yi kira ga alƙali da rabin murya, irin kiran wanda shi kansa bai yarda da abin da yake nema ba. Ba wanda ya taya shi. Malam Tranter, malamin wasanninsu, shi ne alƙali a wannan gefen, da farar rigarsa da hulunan yara jibge a kansa. Iska na busa masa a kunne, bai ji komai ba. Ya girgiza kai, yatsansa bai bar aljihu ba.

Ambrose ma bai ji komai ba. Amma ya ga yadda kafaɗun yaron suka sauka, ya san abin da hannun ya ji. Wilf ya tsaya ɗan lokaci yana kallon sandar. Sannan ya juya ya duba wajen bishiya, ya sa sanda a hammata, ya fara tafiya.

"Tsaya!"

Kalmar ta fita kafin Ambrose ya san tasa ce. Magana zarar bunu, ba wanda ya fi shi sanin in an zare ba ta komawa. Wasu iyaye suka waiga, amma ganye ya kare shi, kuma a daidai lokacin tafi ya ɓarke daga gefe biyu, har da yaran baƙi. Shi kaɗai ya lura ƙafar Wilf ta ɗan harɗe, kamar wanda ya taka ƙaya. Yaron bai waiwaya ba, ya ci gaba har ya shige rumfa.

A kurket in ka fita ka fita, babu sake gwadawa sai wani wasan. Wilf kuwa ba shi da wani wasan. Yara ukun da suka rage ba su daɗe ba, dogon nan ya share su, baƙi suka ci da 'yar tazara kaɗan. Ana gaisawa a tsakiyar fili ruwan ya sauko, kowa ya kwashi kujera da kare ya nufi rumfa.

Ciki ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna da tururin shayi. An jera biredi mai ƙwai da mai kokwamba a faranti, da kek ɗin da iyaye mata suka kawo, kowace na satar kallon wadda aka fi ci. Yara sun manta da shan kaye tun a bakin ƙofa, suna wawaso. Ambrose ya raɓe jikin bango da kofi a hannu, bai kurɓa ba. Baƙin ciki biyu ne a cikinsa, kuma na farkon, na jifa ɗayan da ya gani bayan jiran zango guda, ya zama ƙarami a gefen na biyu.

Malam Tranter ya buga cokali a kofi, aka yi shiru. Ya ce ya daɗe yana wannan aiki, ya ga yara sun ci kofuna, amma abin da ya gani yau ya fi masa nasara. Ya jawo Wilf ya dafa kansa. Ya ce ya samu labari mahaifinsa ne ya koya masa, ya nuna Ambrose da cokalin, ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aka juyo ana tafa masa. Crispin ya fi kowa ƙarfin tafi, Imogen ma ta yi masa murmushi irin wanda ya daɗe bai gani ba. Ambrose ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Malamin bai tsaya nan ba, dama shi in ya samu masu saurare ba ya sauka da wuri. Ya ce abin takaici ma, yaro na yin abin da ya dace wani babba daga cikin 'yan kallo na yi masa ihu wai ya tsaya. Ya sunkuya ya dubi Wilf.

"Ka ji shi kuwa, samari? Ka gane ko wane ne?"

Wilf ya kalli biredin da ke hannunsa. Kunnuwansa suka yi ja. Tun yana ƙarami haka suke yi, shi ya sa bai taɓa iya ɓoye ko satar sukari ba.

"Ban ji komai ba, Malam."

Malam Tranter ya ce gara da bai ji ba, aka yi dariya, aka koma kan kek.

Da aka watse, Imogen ta ce su biyu su yi sallama, su za su jira a mota. Uba da ɗa suka tsaya ƙarƙashin indararon rumfar, ruwa na zuba a gabansu. Wilf ya miƙa masa sandar, ya ce Mama ta ce babu wurinta a kaya, kuma wai can ba a cika yin wasan ba. Ambrose ya karɓa. A gefenta akwai ɗan jan tabo siriri, inda sabuwar ƙwallo ta goga.

Ya shirya maganganu da yawa tun a hanya, na karatu, na sanyi, na kiran waya duk Lahadi. Ba ko ɗaya da ta zo. Ya ce, "Wilf, ni ne."

"Na sani, Baba. Ai muryarka ce."

Crispin ya kunna mota, bai danna ham ba, ko a nan ma sai da ya nuna kirki. Yaron ya goge hanci da bayan hannu, ya ɗago ya dube shi sosai, ba fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai.

"To da tsayawa ya kamata in yi?"

Ambrose ya durƙusa a jiƙaƙƙen dandamali ya riƙe kafaɗunsa. Ya ce a'a, daidai ya yi, daidai ƙwarai, kar ya taɓa yin wani abu dabam. Ya fara jero masa tsohuwar maganar, ta kunnen alƙali da hannun mai bugu, kalma bayan kalma yadda ya saba. A tsakiya ya ji muryarsa ta zame masa baƙuwa, amma ya kai ta ƙarshe.

Wilf ya saurara har ya gama. Sannan ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yaro mai ladabi yake yi wa babba don kar ya ba shi kunya, ya rungume shi, ya ruga cikin ruwa ya shiga mota.