Hotuna Takwas a Bayan Babbar Mota

Kyamarar da ke cikin sitonmu ta shekara guda da mutuwa. Sau huɗu ina rubuta takarda a kanta, sau huɗu ana ce mini za a duba. Saboda haka ranar da tulin kwalaye ya rufto wa wata ma'aikaciya mai liƙa takarda, ya karya mata ƙafa wuri biyu, ba mu da wata shaida sai tsohuwar kyamarar da ke kan falwaya a farfajiya. Daga nesa take leƙen ƙofar siton, tana ɗaukar hoto huɗu a kowace daƙiƙa.

Ni ce mai kula da kwamfutoci da kyamarorin kamfanin. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaban sashen ma'aikata, shi kuma ya kawo ni aikin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ko a ofis Uwata yake kirana. Shi aka naɗa ya jagoranci kwamitin binciken haɗarin.

Washegari ya shigo ɗakina ya ja kujera, muka kalli bidiyon tare. Ga motar ɗaga kaya nan tana tafe a hankali, Baba Sannu a kanta. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa ta, kuma masu lodi ne suka laƙaba masa sunan, wai mai tafiya da ƙafa yakan wuce shi har ya waiwayo ya gaishe shi. A ƙasan siton akwai layi mai launin rawaya, inda doka ta ce direba ya tsaya. Saura taku ɗaya ya kai layin, sai wata babbar mota ta gitta tsakanin kyamara da ƙofa. Daƙiƙa biyu, hotuna takwas, ba ka ganin komai sai jikin motar. Tana wucewa, ga Baba Sannu ya haye layin, ƙarafan gaban motarsa sun soki tulin, kwalaye na zubowa.

Abin da Baba ya faɗa wa kwamiti bai sauya ba tun ranar farko. Ya ce ya taka birki a kan layin, tayoyi suka ƙame, motar ta sulale a kan baƙin man da ke ɗiga daga injin ɗaure kwali. Duk mai aiki a siton ya san man nan. Amma kafin 'yan kwamiti su sauko duba wurin an zuba garin katako an share, ƙasa tas kamar za a yi walima.

Maganar duk ta rataya a kan tayoyi. In sun ƙame, laifin kamfani ne da ya bar mai a ƙasa. In suna juyawa, Baba bai taka birki ba, kora ce, kuma a takardarsa za a rubuta ganganci. Babu mai ɗaukar direba ɗan shekara hamsin da bakwai da irin wannan takarda.

"Uwata, cire mana wannan motar mu ga bayanta," in ji Kawu.

"Kawu, ai ba labule ba ne da zan yaye. Abin da kyamara ba ta gani ba, babu shi a ciki."

"To karatun me kika yi shekara biyar? Ni na ji ana cewa yanzu kwamfuta har mamaci take sa wa ya yi murmushi."

Nan ya taɓo ni inda nake da rauni. Akwai wata manhaja da na daɗe ina so in gwada. Bidiyo dai hotuna ne jere. Manhajar takan ɗauki kowane ɗan yanki na hoto, ta nemo inda ya koma a hoto na gaba, ta ja masa kibiyar motsi. In wani abu ya gitta ya rufe yankin, ba ta da abin bi, sai ta ari kibiyoyin da ta gani kafin rufewar, ta dubi inda abin ya ɓullo daga baya, ta zana tsakiyar da kanta. Ƙa'idarta ɗaya ce, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya yadda yake. Ba ta san birki ba, ba ta san mai ba.

Na yi wa Kawu wannan bayanin, yana gyaɗa kai yana duba wayarsa. Da yamma na gama. Babbar motar ta ɓace, Baba Sannu ya ratsa layin sumul, tayoyinsa na juyawa kamar yadda suke juyawa kafin a rufe su. Aikin ya yi kyau, har na ji daɗin kaina, Allah ya yafe mini. Na ajiye fayil biyu a faifai ɗaya. Na farko na sa masa suna "na kyamara". Na biyun na yi ɗan tunani, na rubuta "gyararre". Na miƙa wa sakatariyar Kawu na tafi gida.

Kwana uku bayan nan sakatariyar ta tare ni a matakala, tana fara'a.

"Injiniya, kin ga aikinki? Minti goma aka yi an gama zama. Har Manaja ya tambaya wace ce ke."

"Wane zama? Wanne kuka kunna musu?"

"Gyararren mana. Wa zai bar gyararre ya ɗauki mai matsala?"

A wurinmu masu wannan sana'a, gyara yana nufin an sa hannu a abu, an taɓa shi. A wurin kowa kuwa, abin da aka gyara shi ne ya dawo daidai. Ba wanda ya ko buɗe fayil na farko.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Kawu ba. Na ce masa hotuna takwas ɗin nan zane ne, ni da na'ura muka yi su, kuma in an kori mutum a kansu ni aka sa na kore shi. Ya ce in rage murya. Na ƙi. Don ya rabu da ni, ya yarda kwamiti ya saurare ni ranar Alhamis kafin a fitar da takarda.

Na shirya sosai. Na koma kan manhajar, na ba ta umarni daban-daban a kan hotunan nan guda. Bidiyo na ɗaya shi ne gyararren da suka riga suka gani, tayoyi na juyawa. A na biyu sun ƙame motar na sulalewa. A na uku, don in nuna musu iyakar abin, na sa motar ta tsaya cik sannan ta zabura. Duka ukun sun fara daga hoto ɗaya sun ƙare a hoto ɗaya, duka ukun sumul.

Mutum biyar ne a ɗakin taro, da kwalaben ruwa a gabansu. Na haska musu da majigi, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na kunna fitila. Lauyan kamfani ne ya fara magana, yana wasa da hular bironsa.

"Malama Injiniya, wanne ne gaskiya a ciki?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Na'urar ma ba ta sani ba. Abin da na zo faɗa ke nan."

"To na farkon, da kika yi shi, kin san Baba zai shiga matsala?"

"A'a."

"Waɗannan biyun fa?"

"Na sani."

"Madalla. Wato na farko na'ura ce ta yi abinta ba da son ran kowa ba. Sauran kuma ke kika karkata ta don tausayi. Ni a ganina wanda ba a sa masa hannu ba shi ya fi cancanta."

"An sa masa hannu! Wanda ya rubuta manhajar ya riga ya yanke cewa duk abin da ke tafiya ba ya tsayawa. Ko jaki kuka sa a bayan motar nan, haka za ta zana shi yana wucewa."

Aka yi dariya, har da mai wakiltar ƙungiyar ma'aikata, wanda aka zaunar a wurin don ya kare Baba. Manaja ya dubi agogo ya ce rahoto ba ya tafiya hedikwata da "ba mu sani ba" a ƙarshensa. Na ce to a rubuta maganar mai, a kira masu lodi su ba da shaida. Ya ce an duba ƙasa ba a ga komai ba. Na ce an share ne. Ya ce share sito ai aikin kullum ne, ko ina so a daina? Wani ya tambaya ko an kawo abin taɓawa. Ba su ƙi maganata don mugunta ba, da ma haka ne da na fi samun sauƙi. Sun riga sun ga abu da idonsu, ya yi musu kyau, ya kuma rage musu aiki. Sauran duk surutun yarinya ne.

A baranda Kawu ya riƙo hannun rigata.

"Uwata, kin kunyata ni gaban mutane, amma na yafe. Ki bar maganar nan haka."

"Kawu, ka san man nan. Takalminka ma ya sha taka shi."

"Na sani. Ke kuma kin san wa ya sa hannu a takardar duba lafiyar siton wata shida da suka wuce?" Ya nuna ƙirjinsa. "In kin ga dama ki je ki faɗa wa yayata cewa ke kika tuɓe ƙanenta. Ni ba zan hana ki ba."

Ya saki rigar ya tafi. Na tsaya ina kallon bayansa. Na rubuta takardar ƙin amincewa shafi uku a ranar, aka karɓa aka buga mata hatimi, sakatariya ta ce za a duba.

Ranar Litinin Baba Sannu ya karɓi takardarsa. Kafin ya fita ya biyo ta ɗakina, hularsa ta aiki a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya shigo.

"'Yata, an ce ke ce mai hoton. Ni har yau ban gani ba. A nuna mini abin da na yi mana."

Na so in fara da bayani, ya ce in bari ya gani tukuna. Na kunna masa na kyamara. Ya ce wannan ai babbar mota ce kawai, shi wanda manya suka kalla yake so. Na kunna. Ya matso da fuskarsa dab da allon, yana numfashi a hankali. Ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku.

"Baba, wannan tsakiyar zane ne. Kwamfuta ce ta ƙaga, ni na sa ta. Ba ta gan ka ba."

"Ga rigata nan kuwa. Ga facin kafaɗar ma."

"Daga hotunan baya ta kwaso shi. Bari in nuna maka wani, inda tayoyin suka ƙame."

Ya ɗaga hannu ya hana ni. Idonsa bai bar allon ba.

"Na rantse wa iyalina cewa na taka," ya ce. "Na rantse wa yarinyar nan a asibiti, gaban mijinta." Ya dubi ƙafarsa ta dama, ya ɗan motsa ta a cikin takalmi. "Tsufa ne wataƙila. Mutum ya yi niyyar abu, ya ɗauka ya aikata."

"Baba, wallahi ka taka. Ko ma dai, babu wanda ya isa ya ce ba ka taka ba."

"Ke kina wurin?"

"A'a."

"To." Ya miƙe ya sa hularsa, ya tuna ta kamfani ce, ya cire ya ɗora a kan teburina. "Bari in je asibitin in nemi gafararta. Na yi mata rantsuwa a kan abin da ban tabbatar ba."

Na bi shi har matakala ina kiran Baba, Baba. Bai juyo ba, yana riƙe da ƙarfen gefe yana sauka da taku ɗaya-ɗaya.