Kunnen Milutin

Injin yankan fallen ƙarfe na masana'antarmu ya daina yanka, ya koma tauna. Duk fallen da ya fito bakinsa kaca-kaca ne.

Ni ne mai gyara a wurin. Na juya wuƙar, na canja mai, na ƙara ɗaure ƙarafan da ke danne fallen, duk a banza. Saura tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa. Ma'auninta ya mutu tun masana'antar tana hannun gwamnati. Milutin, mai aiki da injin, da kunne yake saita ta: ya yanka guntu, ya saurari ƙarar, ya murɗa.

Na tsaya a bayansa na ce, "Tsoho, gahawarka ta huce." Bai juyo ba. Na ɗaga murya, shiru. Sai da na dafa shi ya waiwayo, ya dubi fuskata ya gane.

Ya ce, "Kai da ko matarka ba ka saurara, yau ka zama likitan kunne?"

Na ce, "Injin lafiyarsa ƙalau." Bakina yake kallo.

Ya ce, "Na sani. Ai shi ya cinye min kunnuwan. Ka rufa min asiri zuwa bazara, Svetozar."

Ban rufa ba. Wanda ba ya jin wuƙa ba zai ji ihun abokin aikinsa ba ranar da hannu ya shiga injin. Na gaya wa mai masana'antar.

An sa sabon ma'auni, injin yana yanka sumul. Milutin kuwa an mayar da shi gadin ƙofa, kullum yana zaune ya ba injin baya.