Baitin Da Bai Shiga Kaset Ba

Tun daga kasuwar Roni har ƙofar gida muryar Mu'minat ke bin Sadiyya. Mai shayi ya kunna ta, mai cajin waya ya kunna ta, ɗan acaɓan da ya wuce ma yana kaɗa kai. Sadiyya ta ja mayafi ta toshe kunne, a banza.

Waƙar ta girme su su biyun. Kakarsu Inna Abu ce ta ƙirƙire ta a bakin turmi, shekarar da ɗanta na fari, Lauwali, ya bi shanu Nijar aka daɗe ba labarinsa. Da yake Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta kira shi Mai Farar Sanda. Wani mai garaya daga Gwiwa ya ji ta a gidan suna, ya saka ta a kaset. Daga baya wasu samari a Kano suka ɗora mata fiyano, suka mayar da ita waƙar soyayya, 'yan mata suka yi ta kuka a kan saurayin da babu shi. Lauwalin nan kuwa shi ne mahaifin Sadiyya.

Sadiyya ce ta tashi a ɗakin Inna Abu, ita ta sha waƙar tun tana goye. Ita kuma ta koya wa Mu'minat, 'yar goggonta, wani hutu da ta zo daga Kazaure. Har inda ake jan numfashi ita ta nuna mata. Da Mu'minat ta ce su je situdiyon wani mai ɗaukar waƙa da ake kira Levi su rera tare, Sadiyya ta ce Allah ya kiyaye ta buɗe baki gaban maza. Mu'minat ta tafi ita kaɗai. Yanzu daga Babura har Kazaure ana cewa waƙar Mu'minat.

Da la'asar Sadiyya tana tankaɗe sai ga Keke Napep ya tsaya. Mu'minat ta shigo da baƙin tabarau da ƙamshin turare. Ta durƙusa ta gaishe da Inna Abu, sannan ta juyo.

"'Yar ƙauye, har yanzu ke da rariya?"

"Mu ai ba mu da tabarau, gari muke gani," in ji Sadiyya ba tare da ta ɗago ba.

Mu'minat ta yi dariya, ta ja kujera. "Taubashiya, alfarma ta kawo ni. Levi ya ce waƙar kamar an yanke mata wutsiya. Duk wanda ya rera, a kan jira yake tsayawa. Mai Farar Sanda bai dawo ba ne?"

"Ya dawo mana, ga 'yarsa nan tana harararki," in ji Inna Abu daga kan tabarma. "Akwai baitin dawowa. Mai garayar nan bai ji shi ba, ana kawo tuwo ya tashi. Ni kuma tsufa ya kwashe min kalmomin. Suna wajen wannan."

Sadiyya ta ci gaba da tankaɗe. Baitin nan shi kaɗai ya rage mata. Ko lokacin da take koya wa Mu'minat, da gangan ta tsallake shi, ita ma ba ta san dalili ba sai yau.

"Na manta," ta ce.

"Ƙarya kike, shekaranjiya na ji ki a bayan rumbu," in ji tsohuwar.

Mu'minat ta cire tabarau. "Gobe da hantsi za mu sake ɗauka. Ki faɗa a wayata kawai, ba wanda zai ji ki."

Maganar nan ce ta fi ƙona Sadiyya. Ba wanda zai ji ki. Ta hango baitin babanta a bakin Mu'minat, mai shayi yana ƙara murya, mata a gidan biki suna cewa kai, yarinyar nan akwai basira. Ta buga rariya har gari ya tashi ya sauka a kan baƙin tabarau.

"In kika mutu da shi a ciki, ke da mai garaya duk ɗaya ne," in ji Inna Abu.

Washegari Mu'minat ta fito da jakarta fuska a ɗaure, ta sami Keke Napep ɗin da ta kira yana jira. A kujerar baya Sadiyya ce zaune, ta sha atamfar salla, ta ƙanƙame mayafi.

"Ina zuwa kuma?"

"Baitin ba ya hawa waya," in ji Sadiyya, idonta a ƙasa. "Da bakina zai je. Ke za ki yi min amshi."

"Ni? Amshi?"

"Shigo ciki ko ki zauna a Roni. Malam, ja mu je."