Haƙoran Keken Solomon

Shekara ashirin da bakwai Solomon ya yi yana ɗinki a Kurudu. Ya suturta daraktoci da amare da ɗaliban makarantu uku. Da ya rasu aka buɗe akwatinsa, aka samu riga huɗu, babu wadda za a iya nuna wa baƙo.

Ƙarfe biyu na ranar Asabar aka sa jana'iza. Yayansa David ya iso daga ƙauye da safe, ya ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya a gaban Margaret, matar mamacin.

"Maman Joy, tela guda za a binne da wannan? Mutanen coci su ce me?"

Margaret ta ɗauko wata farar shadda daga ƙarƙashin katifa. Solomon ya yanka wa kansa ita shekara uku da suka wuce, yana cewa zai haɗa idan aiki ya yi sauƙi. Ɗinkin miƙe dai ta iya. Ta ce ita za ta haɗa, a kekensa.

Ta zauna ta taka. Allura ta hau ta sauka, yadi ya tsaya inda yake, zare ya dunƙule wuri guda. Ta warware, ta canja allura, ta ɗiga mai, ta sake takawa. Haka dai. Ƙarfe goma ta kira Mato, mai gyaran keke a Nyanya. Ya ce ga shi nan a hanya, wanda a Abuja ke nufin mutum yana neman takalminsa.

Sha biyu da rabi ya shigo da jakar kayan aiki, yana tsine wa cunkoso. Ya yi ta'aziyya, sannan ya goga babban yatsa a ƙarƙashin allura.

"Madam, keke lafiyarsa ƙalau. Haƙoran da ke jan yadi aka saukar."

"Wa ya saukar?"

"Oga mana. In tela zai cike huji, sai ya saukar da su, ya riƙa juya tufar da hannunsa. Me ya ɗinka na ƙarshe?"

Ta jawo aljihun teburin. Wandonsa ne ruwan ƙasa, an cike rabin hujin gwiwa, sauran rabin a buɗe. Shi ya so ya sa zuwa asibiti, don kada likita ya raina shi. Ciwon bai jira ba, da zanen Margaret a ƙugunsa aka kai shi.

Mato ya kwantar da kan keken, ya sa sukudireba.

"Dakata, Malam Mato."

Ya dakata. Tana kallon keken, yadda mai shi ya bar shi. David ya dubi agogo ya yi gyaran murya.

"Juya," in ji ta.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba.

Ta haɗa kafaɗu, ta sa wuya, ta dasa hannuwa. Ɗaya da minti goma motar gawa ta yi oda a ƙofar gida. Bayan rigar ƙyalle biyu ne, kuma ba ta haɗe su ba. Ta naɗe ta a haka, tana kuka har mutuware, ɗakin ajiye gawa.

Ma'aikacin da ke shirya gawa ya baza rigar, ya duba bayan.

"Madam, kin rage mana aiki. Mu ma da almakashi muke tsaga bayan. Gawa ba ta ɗaga hannu."

A coci aka buɗe akwatin, mutane suka bi layi. David ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai, mutuncin dangi ya tsira. Wani tsohon darakta ya sunkuya ya daɗe yana duba wuyan rigar, ya ce ko daga nesa ka san yankan Solomon. Daga nan ya tambayi na kusa da shi ko ya san wani tela mai kyau a Kurudu.

Da la'asar, bayan masu gaisuwa sun ragu, Margaret ta sa wandon ruwan ƙasa a ƙarƙashin allura don ta ƙarasa hujin. Ta taka, haƙoran suka fizge shi gaba, suka bar layi miƙe a kan gwiwar. Ta kwantar da kan keken kamar yadda Mato ya yi. Noti biyar ta gani, ba ta san wanne ne Mato ya juya ba.