Wa Ya Lotsa Duron Mai Sabulu?

Da safe Mai Sabulu ta tarar da sabon duronta na ƙarfe a lotse, cikinsa ya shige kamar gwangwanin da aka taka. A bayan gida take haɗa sabulunta, nan ne kuma ƙanin mijinta, Dogo, yake ajiye motarsa ta ɗaukar kaya. Ta zagaya motar a hankali, ta duƙa, sai ga ɗan karce shuɗi-shuɗi a ƙarfen baya. Duron kuwa shuɗi ne.

"Dogo, jiya da baya ka shigo?"

"Kullum ai da baya nake shigowa, matar yaya. Lafiya?"

"Lafiya lau. Duro ne dai ya kwana da ciwon ciki."

Ya je ya duba, ya rantse ko gogarsa bai yi ba, karcen ma tun bara yake. Rantsuwar ce ta ƙara mata zargi. Mai gaskiya, a ganinta, ba ya saurin rantsuwa. Ta kai ƙara wurin maigida, shi kuma ya ce zato zunubi, ya ci gaba da ɗaura agogonsa. Nan ta fara tunanin ko bakinsu ɗaya.

Dogo ya ji haushi, ya koma ajiye motar a bakin titi. Gaisuwa ma sai daga nesa. Ita kuwa cewa ta yi, "Ka gani ko? Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake."

Ran nan da la'asar ta gama aiki, ta wanke ɗaya duron yadda ta saba. Ta zuba tafasasshen ruwa, ta ɗora shi kan wuta har tururi ya yi ta fita ta bakin, sannan ta sauke, ta murɗa marfin tam don kada ƙura ta shiga. Hadari ya taso. Tana tsaye a ƙarƙashin rumfa ruwan sama ya sauko a kan ƙarfen mai zafi. Duron ya yi ƙas, ƙas, sai bam! Ya lanƙwashe a gaban idonta, babu mota, babu mutum.

Ta kira 'yarta da ke karatun injiniya a waya, ta faɗa mata abin da ya faru.

"Umma, da zafinsa kika rufe?"

"Eh."

"To tururi ne ya kori iskar ciki. Da ya huce ya koma ruwa, sai cikin ya zama wayam, ga shi kin toshe ƙofa. Iskar waje ce ta matse shi."

Sai ta tuna ranar da ta wanke na farkon ma an yi ruwa.

Ta yafa mayafi ta fita bakin titi, ta sami Dogo yana goge gilashi. Ta faɗa masa komai, ta ce ya yi haƙuri.

Ya dube ta sama da ƙasa. "Iska? Iskar nan da nake shaƙa ita ta murƙushe ƙarfe?" Ya rage murya. "Matar yaya, tsakaninki da Allah, wa kika kama kike rufa masa asiri? Yayana ne ko?"

"Wallahi iska ce."

"Uhm. Har da rantsuwa."

Ta juya za ta koma gida, yana biye da ita yana cewa sai dai ta sayo wani duron ta nuna masa da idonsa.